Direbobi Biyu a Kan Lambar Yayata

A gidanmu na unguwar Alhilla Kuku, a Hartum, babu abin da ake kira sirri. Katangar da ta raba mu da maƙwabta da ƙyar ta kai kafaɗa, kuma maginin, Allah ya jiƙansa, ya bar mata ramuka wai don iska ta riƙa shigowa. Iskar ba mu taɓa jin ta ba. Magana dai tana fita ta ramukan lafiya lau.

Yayata makauniya ce tun tana ƙarama, ƙyanda ce ta tafi da idanun. Ta yi makarantar makafi, ta iya karatu da yatsa, rubutun nan na ɗigo-ɗigo, har ta fi ni sauri ni mai ido biyu. Mijinta ya tafi arewa haƙar zinariya ya bar ta a wurinmu. Can inda yake, sai mutum ya hau tudu ya ɗaga waya sama kafin ya samu layi, kira kuwa ba ya kai ƙarshen sallama yake katsewa. Don haka saƙo yake rubutowa, da Larabci, yana cusa Hausa da baƙaƙen Larabci a duk inda Larabcin ya kasa ɗaukar abin da ke ransa.

Saura wa zai karanta mata. Inna ba ta karatun waya. Ni ƙane ne, kuma ƙane ba ya buɗe baki ya karanta wa yayarsa maganar mijinta, sai dai in kunya ta ƙare masa. Haka aikin ya faɗa hannun maƙwabciyarmu, wata Hajja mai tabarau da yalwar lokaci. Hajja ba karatu kawai take yi ba, har da sharhi kyauta.

"A nan ya ce kullum kina ransa," sai ta sauke tabarau ta kalli Inna. "To, Allah ya sa. Maza dai in sun yi nisa bakinsu zaƙi yake yi."

Kafin la'asar, mai shayin bakin titi ta san abin da ke ran surukinmu, ta san ciwon ƙafarsa, ta san sunan da yake kiran Yaya da shi in su biyu ne. Yaya ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma ina ganin yadda take sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta har a gama. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Na gwada sa mata muryar nan ta waya mai karanta saƙo. Ta saurara sau ɗaya ta cire abin kunnen ta miƙo mini. Muryar mace ce mai Larabcin labaran rediyo, duk kalmar Hausa da ta ci karo da ita sai ta tauna ta tofar. Yaya ta ce in dai wata ce za ta faɗa mata maganar mijinta, gara Hajja, ita aƙalla mutum ce.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Hartum, muna harhaɗa akwatunan da ke lura da janaretocin mutane, don haka ƙananan allunan kwamfuta ba baƙona ba ne. Yaya kuwa tana da wata tsohuwar na'ura da makarantarsu ta sallama mata, doguwa kamar rula, mai ƙananan ƙusoshi da ke tasowa su zama haruffa a ƙarƙashin yatsa, da maɓallan rubutu a samanta. Mu a gida layi muke ce mata. Filoginta irin na dā ne, wanda ake kira siriyal, mai tura haruffa ɗaya bayan ɗaya ta siririyar waya. Na samo allo, na ɗora masa manhajar nan ta kyauta da 'yan duniya suka taru suka rubuta, na jona layin, na soka masa ɗan modem mai ɗaukar sim. Saƙo ya shigo, ya taso a yatsun Yaya, babu bakin kowa a tsakani.

Hajja ta rasa aikinta ba tare da an sallame ta ba. Daga ranar, in na gaishe ta, sai ta amsa wa katanga.

An ɗauki lokaci ana zaman lafiya, har wata rana wutar lantarki ta dawo da ƙarfinta, kamar mai biyan bashin kwanakin da ba ta zo ba, ta ƙone modem ɗin. Na tafi Kasuwar Libiya da ke Umdurman neman wani. Irin nawa ya ƙare, in ji mai shagon, amma ga wanda ya fi shi, ya rantse da abin da zai kashe shi na asali ne. Wannan sabon ba sokawa ake yi ba, shi ma siriyal ne, a ƙafafun allon ake ɗaure shi. Na kawo gida na ɗaura, na kunna. Layin Yaya ya yi shiru, ƙusa ko ɗaya ba ta motsa ba. Na kashe na sake kunnawa, layin ya farka, modem ya ɓace kamar ba a taɓa sayensa ba.

Dole in ɗan yi bayani a nan, don duk abin da ya biyo baya daga nan ya fito. A cikin manhajar akwai ƙwaya, masana suna ce mata kanel, ita ce mai gida. Kowace na'ura da aka jona tana zuwa da wani ɗan rubutaccen shiri da ya san yarenta, wanda Turawa suka ga dama suka kira direba, ko da yake ban taɓa ganin ya tuƙa ko keken jaki ba. Duk lokacin da aka kunna akwati, kowane direba sai ya je gaban ƙwaya ya faɗi sunan ƙofarsa da lambarsa. Lambar kashi biyu ce, babba ta dangi da ƙarama ta ƙofa. Direban da ke kula da layin Yaya tsoho ne, tun kafin a haife ni lambarsa huɗu da sittin da huɗu, sunan ƙofarsa ttyS0. Direban ƙafafun allon kuwa, wanda kamfanin da ya ƙera allon ya rubuta, shi ma sai ya zo ya ce lambarsa huɗu da sittin da huɗu, sunansa ttyS0. Wani injiniya ne can a ƙasarsu ya ji ƙyuyar neman tasa lambar, ya kwafi ta dattijo, ya tashi ya tafi cin abincin rana.

Ita ƙwaya ba ta yin shari'a. Ba ta tambayar wane ne babba, ba ruwanta da wanda ya gaji lambar. Wanda ya riga isowa ta ba shi, na biyun ta ce masa an kama, ta rubuta jimla ɗaya a inda babu mai dubawa, ta ci gaba da harkarta. Su biyun kuma tare suke tashi, tseren ba shi da gwani. Ga mu a garin da ake ɗauke wuta a dawo da ita yadda aka ga dama. Kowace dawowar wuta sai a sake caca: ko Yaya ta samu yatsu babu saƙo, ko saƙo ya samu ƙofa babu yatsu.

Da rana tsaka muna tsakar gida, Yaya ta tambaye ni me ya samu akwatinta. Na duba duk Hausar da na gada ban ga kalmar da ta dace ba, sai na fassara mata yadda abin yake.

"Yaya, direbobi biyu ne ke rigima a kan lambar. Wanda ya riga shigowa shi ke samu, ɗayan ya koma. In an ɗauke wutar kahraba an dawo da ita, sai su sake."

"To ka raba su mana," in ji ta.

"Ina ƙoƙari, kowanne cewa yake tasa ce."

A bayan katanga, Hajja tana shanya. Na ji igiya ta daina motsi, amma ban kawo komai a raina ba.

Washegari na tsaya shan shayi a bakin titi, wani mai raksha, keken haya mai ƙafa uku, da muka saba ya matso kusa da ni ya rage murya. "Ya zol, mutumina, mu dai ba mu ba ne, wallahi. 'Yan hayis ne ko? Faɗa mana su waye, mu yi musu magana." Hayis su ne ƙananan motocin haya. Na ɗauka zafin rana ne ya taɓa shi. Sai da mai shayi ta ajiye mini kofi ba ta kalle ni ba, sannan na gane cewa unguwa ta riga ta gama fassarar fassarata. Direbobi biyu suna faɗa a kan lambar wayar makauniya, matar aure, mijinta yana can yana haƙar ƙasa, kuma da an ɗauke wuta suke shigowa. Ƙaninta ne ma ya faɗa da bakinsa. Har an samu wanda ya ga ɗayansu, dogo ne mai gemu.

Na yi dariya a ranar, ban ƙara yi ba. Labarin ya haye Nilu kafin ni. Kwana kaɗan sai ga uwar mijin Yaya daga Umdurman, ta naɗo tobinta, lafayar nan ta zuwa biki, ta zauna a bakin gado ta ƙi shan ruwa. Inna tana rantsuwa, Yaya tana zaune kamar an dasa ta. Na ɗauko akwatin na ajiye a gaban baƙuwa.

"Hajiya, ga direbobin nan. A ciki suke. Rubutu ne kawai, ba mutane ba."

Ta kalli akwatin, wanda bai fi kwalin sabulu ba, ta kalle ni.

"Su biyun duka a ciki?"

"Duka."

"Ma sha Allah. To Allah ya ƙara musu lafiya." Ta gyara tobi ta miƙe. A bakin ƙofa ta ce wa Inna ita dai ta riga ta aika wa ɗanta, don kada ya ji a bakin bare. Shi ya san abin da zai yi da aurensa.

Bayan tafiyarta da kwana biyu, a wata dawowar wuta da direban modem ya ci tsere, na jona kwamfutata na ga akwati yana cewa akwai sabon saƙo guda. Daga lambar surukina ne. Na faɗa wa Yaya. Ta ɗora hannu a kan layin da ba ya motsi, ta bar shi a nan.

"Yaya, risalar, saƙon nasa, tana ciki. Bari in cire sim ɗin in sa a wayata."

"Ka karanta wa wa?"

"To ba zan duba ba. In kwafe ta ido rufe in ajiye miki, in yi ta kashewa ina kunnawa har layinki ya farka."

"Amsar da zan ba shi fa? Ita ma ido rufe za ka ɗauka ka kai? In ya sake rubutowa kana wurin shugul, in zauna in jira ka taso daga aiki?" Ta juyo da fuskarta daidai inda nake, abin da ta iya tun muna yara. "Auta, in ta hannunka za ta bi, ai Hajja ka zama, tabarau ne kawai babu. Ko saki ne a ciki, ni zan fara taɓa shi. Ka gyara abinka."

Kalmar sakin nan ta sa na sake kallon kwamfutar. Saƙon yana nan a gabana, danna maɓalli kaɗan ne tsakanina da shi, ga tsoro ya cika ni. Na rufe kwamfutar.

Na fara da kamfanin allon. Suka amsa da cewa suna alfahari da ni a matsayin abokin ciniki, kuma sun miƙa ƙorafina ga sashen da ya dace. Ina jin sashen yana nan yana nazari har yanzu.

Sai na rubuta wa zauren wasiƙu na masu gyaran ƙwayar, inda manyan masana na duniya ke haɗuwa. Ban ambaci Yaya ba, na ce dai direbobi biyu sun kama lamba ɗaya a allona, yaya ake yi. Na farkon da ya amsa ya sanar da ni cewa layukan wasiƙata sun yi tsawo, in gyara in sake aikowa. Na gyara. Na biyu ya ce lambar ta tsohon direba ce tun fil azal, kamfanin ɓarayi ne, in je in gaya musu. Na uku ya ce a'a, yanzu dubban na'urori sun saba da sabon a wannan suna, duk wanda ya canza shi ya karya wa mutane kaya, kuma ba a karya wa mutane kaya. Na biyu ya dawo ya tuna wa na uku wata magana da ya yi shekaru da suka wuce. Daga nan aka manta da ni gaba ɗaya, aka shiga muhawarar wa ya riga zuwa, wa yake da asali, wa ya zo daga baya ya samu wuri ya miƙe ƙafa.

Ni da kakannina suka taho da ƙafa za su Makka, suka yada zango a bakin Nilu har yau ba a tashi ba, babu wanda zai koya mini wannan muhawara. Na san ba ta ƙarewa, kuma na san ba a cikinta ake samun wurin kwana ba. A gida kuwa Yaya ta rage cin abinci. Kullum da safe sai ta goge layin da gefen mayafi, ta mayar da shi inda yake.

A tsakiyar hayaniyar wani bawan Allah, wanda ban san ko daga wace ƙasa yake ba, ya aiko mini da amsa gajeriya ni kaɗai. Ya ce in daina neman wanda ya fi gaskiya. In buɗe rubutun direban kamfanin, inda aka sa huɗu in sa sifili. Direban da ya zo da sifili yana nufin bai zo da lamba ba, a ba shi duk wadda ta rage, ƙwaya kuwa tana da lambobi birjik da babu mai so, don ba su da tarihi.

Aikin yana buƙatar wutar da ba za ta yanke a tsakiya ba, don sai an sauko da rubutun ƙwayar an sake gina direban. Na ɗauki akwati na hau mota zuwa Umdurman, shagon wani abokina mai gyaran waya da ke da janareta. Na zauna a lungu tsakanin matattun wayoyi, intanet tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Na samu wurin, na goge huɗu na sa sifili, na gina, na kunna. Ƙwaya ta ba shi sabuwar lamba, sannan ta ce sunan fa, ai akwai mai shi. Wato na raba su a lamba na bar su takwarori.

Wannan kam ba sai na tambayi masana ba. A gidajenmu in yara biyu suka ci suna ɗaya, babba ke riƙe sunan, ƙaramin a laƙaba masa wani abu ya tafi da shi har tsufa, babu mai kai ƙara. Na bar wa dattijon ttyS0 ɗinsa, na raɗa wa na kamfani ttyYY0, na nuna wa shirin saƙonni sabuwar ƙofa. Na kashe na kunna, na kashe na kunna, har abokina ya ce in tausaya wa janaretansa. Kowane karo su biyun suna tashi, kowa a ƙofarsa. Kalmar sabon saƙo tana nan a gefen allon kwamfutata, na sa babban yatsa na rufe wurin har na gama.

Na iso gida da azahar na tarar babu wuta. Na jona komai na ajiye a gaban Yaya, muka zauna muna jira, zufa tana bin bayana. Inna ta shiga ɗaki da carbinta. Can wajen la'asar fanka ta yi ƙara ta fara juyawa, yaran unguwa suka sa ihun da suka saba. Ƙusoshin layin suka taso gaba ɗaya suka koma, alamar ya farka. 'Yar fitilar modem ma ta kama.

Yaya ta ɗora yatsunta, ta latsa maɓalli, ta tsaya.

"Auta, fita."

"Yaya, in wani abu ya sake lalacewa fa?"

"Zan kira ka. Ja mini ƙofar."

Na fita na ja ƙofa. Na tsaya a tsakar gida kamar baƙo, ni da na yi ta hawa mota ina haye kogi da akwatin nan a cinya. Gaskiya na ji haushi. Ta saman katanga sai ga tabarau.

"Ya walad, kai yaro, an ce risala ta zo. Me ya ce?"

"Ban sani ba, Hajja."

"Kai da ka gyara?"

"Ni da na gyara."

Ta yi tsaki ta sauka daga kan abin da ta taka. Daga cikin ɗaki ba a jin komai, sai can na fara jin ƙarar maɓallan rubutu, a hankali, a tsaya, a ci gaba. An daɗe ana yi. Aka yi shiru, sannan ƙusoshi suka sake motsi, maɓallai suka sake amsawa. Ashe mutumin yana can kan tudunsa da waya a sama, yana jira.

Da ta buɗe ƙofa idanunta sun yi ja, amma wannan ba ya nuna komai, dā ma sukan yi haka in ta daɗe a zafi. Ta laluba ta ɗauki buta, ta tambayi Inna ko akwai sauran abincin rana. Na bi ta har bakin murhu. Na yi ƙoƙarin yin shiru, na kasa.

"Yaya, don Allah, me ya ce?"

Ta zuba miya a kwano, ta ɗanɗana, ta ƙara gishiri.

"Da ni yake magana," in ji ta. "Miƙo mini cokali."